Ɗakin Alhamis

Litinin, 4 ga Satumba

Littafin lissafin Lwipa ne wannan. Ta bar rabinsa ba rubutu. Na juya shi ta baya na fara.

Yau kwana goma sha tara da Yaya Nsofwa ta tafi da ita Kasama. Kwana uku ban sha giya ba. Hannuna na rawa, rubutun kamar na kaza. Ni da na yi shekara goma sha shida ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ake riƙe biro.

Har yanzu masu sayen fanke suna ce mini Bana Lwipa, uwar Lwipa. Ina amsawa. To me zan ce?

Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. Ranar raba kyaututtuka a makarantarsu, Lwipa ce ta ɗaya a lissafi. Na ce zan kurɓi kaɗan ne don jikina ya tsaya. Da aka kira sunanta na miƙe ina guɗa, na nufi dandamali, na faɗi a matakala ta biyu, zanina ya kwance. Ita ta sauko ta rufe ni, da takardar kyautarta a hannu, gaban duk 'yan ajinsu. Ba ta yi kuka ba. Shekararta goma sha huɗu. Bayan kwana biyar Yaya ta iso da jaka.

Laraba, 6 ga Satumba

Na je asibitin unguwa. Na ce ciwon ciki. Nas ɗin, wata mai furfura, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Mama, ciwon cikin nan a kwalba yake zuwa ko a kofi?" Ba ta yi faɗa ba. Ta ce maganin rawar hannu za ta iya ba ni, amma na ƙishin babu shi a kantarta. Wai akwai wasu mutane da suke haɗuwa, su ya su, ba likita ba fasto, duk waɗanda giya ta kayar ne, suna riƙe juna. Ta yage gefen takarda ta rubuta mini lamba.

Na kira sau huɗu. Wai lambar ba ta aiki.

Asabar, 9 ga Satumba

Ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da na saba fita sha, ita ce maƙiyiyata.

Lahadi, 10 ga Satumba

Maƙwabciyata ta ja ni cocinsu, wai fastonsu na fitar da aljanin giya. Aka jera mu a gaba, mu tara. Ya dafa goshina yana ihu yana turawa. Na tsaya, ya ƙara turawa. Na ga dai ba zai ƙyale ni ba sai na faɗi, sai na faɗi. Aka yi ta tafi. Ba na raina addu'ar kowa, Allah ya sani. Amma na fito da ƙishina yadda na shiga da shi, ga kuma ciwon ƙugu.

Ba wanda ya tambaye ni ko sunana.

Alhamis, 14 ga Satumba

Abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba: ba kachasu, giyar nan ta gida, kaɗai nake kewa ba. Gidan Bana Chomba mai sayar da ita nake kewa. Inuwar mangwaron nan, bencin da ƙafarsa ɗaya tubali ce, rediyo na waƙa, kowa na zolayar kowa. In na shiga sai a ce, "Ga malama ta iso, a tashi a gaishe ta!" A can ba wanda ke rage murya in ya gan ni.

Kuma lokacin da baban Lwipa ya rasu, shekara shida ke nan, wa ya zauna da ni? Dangi sun yi kwana uku suka watse da katifa da rediyo. Bana Chomba ce ta yi wata guda tana zuwa, ta dafa tuwo, ta wanke Lwipa, ta tsefe mini kai. Ita ta fara miƙo mini ɗan kofi ta ce, "Sha, zuciyarki ta kwanta." Ta kwanta kuwa.

Yanzu in zan je sayen gawayi sai na zagaya ta bayan injin niƙa don kada in bi ta ƙofarta. Tafiyar ta ninka. Jiya iska ta kawo mini dariyarsu har can.

Talata, 19 ga Satumba

Wata mai sayen fanke ta ce ta taɓa ganin takarda a jikin allon wani coci a Ndola, taron masu son barin giya, Talata da rana. Na rufe tebur, na sa rigar da nake zuwa aji da ita a da, na hau bas. Sa'a ɗaya da rabi ina shirya abin da zan faɗa.

Takardar na nan, rana ta cinye rabin rubutun. Ƙofar a kulle, kwaɗon ya yi tsatsa.

Wata mata na shara a harabar. Ta ce, "Ai sun watse tun lokacin korona, 'yar'uwa. Mijinki kike nemar wa?" Na ce e. Ta ce, "Allah sarki, maza!" Sai da na juya ta kira ni. Wai akwai wani tsoho da yake zuwa daga Kitwe, mai gyaran takalma a kasuwar Chisokone, ɗan yatsansa ɗaya babu. Ba ta san sunansa ba.

Daga Kitwe, garinmu! Na baro shi a bayana na zo neman kwaɗo.

Da bas ya sauke ni ban zagaya ta bayan injin niƙa ba.

Laraba, 20 ga Satumba

Kwana goma sha takwas, sun tafi a yamma ɗaya.

Kuma na kira Kasama. Wayar ta nuna, ni ban tuna dannawa ba sai guntu-guntu. Lwipa ce ta ɗauka, wayar Yaya na hannunta. Na tuna na ce, "'Yata, 'yata, ni ce." Na tuna shirun. Sai ta ce, "Kin sha." Ba tambaya ba ce. Ta kashe.

Muryarta ke nan ta farko da na ji tun watan jiya. Kalma biyu.

Juma'a, 22 ga Satumba

Yaya ta kira. "Kasuba, kada ki sake kiran yarinyar nan. Ta fara cin abinci, ta fara dariya, kin zo kin maida ta baya." Na roƙe ta ta dawo mini da ita, na ce in tana gabana zan daina, na rantse da kabarin Mama. Ta ce, "Tana gabanki shekara shida."

Ban soya fanke ba yau.

Litinin, 25 ga Satumba

Masu gyaran takalma a Chisokone sun fi ashirin. Na ɗauki tsohon takalmin Lwipa na makaranta don in sami abin fakewa, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kallon hannuwa kamar mahaukaciya. Na goma sha ɗaya ne. Tsoho baƙi siriri, da hular ma'aikatan ma'adinai a rataye bayansa. Sunansa Sikazwe, ana ce masa Ba Sikazwe don girmamawa.

Ya juya takalmin ya ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau." Na ce to. Ban tafi ba. Ya ci gaba da ɗinki. Can na ce, wata a Ndola ta ce ya san wani taro, ƙanena nake nemar wa.

Ya ce, "Ƙanen naki, yaushe ya sha na ƙarshe?"

Na ce Talata.

"Yana iya cin abinci?"

Na ce kaɗan-kaɗan.

Ya ciji zaren ya ce, "Ki gaya masa Alhamis, ƙarfe huɗu, ɗakin ajiyar kujeru a bayan cocin da ke kusa da tankin ruwa na unguwar Chimwemwe. Ba a biyan komai, ba a rubuta suna. In bai iya shiga ba ya tsaya a waje, mu ma duk mun tsaya." Ya miƙo mini takalmin. "Kuma ki ce masa ya sha ruwa da yawa, leɓensa ya bushe."

Tankin ruwa. Daga ƙofata ina hango shi.

Alhamis, 28 ga Satumba

Na je. Na tsaya jikin katanga ina yi kamar ina jiran wani. Muryoyin maza kawai. Har dariya suke yi. Dariyar me? Na dawo.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na shiga.

Ɗakin ƙarami, zafi kamar tanda, kujerun coci jibge har rufi, an sauke bakwai an yi da'ira. Maza bakwai. Ba Sikazwe bai nuna ya san ni ba, ya dai sauko da kujera ta takwas ya kakkaɓe ta da hularsa.

Ban gama zama ba wani saurayi mai faffaɗan baki ya zabura. "Malama Chipampe! Wallahi ita ce! Ni ne Chisenga, aji huɗu, bencin baya! Ke kika zane ni kan jadawalin bakwai!"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ɗauki jakata. Ba Sikazwe ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Chisenga, zauna. A ɗakin nan ba malama ba ɗalibi, ba manaja ba lebura. Abin da ya kawo ka shi ya kawo ta." Chisenga ya zauna yana sosa ƙeya ya ce, "Yi haƙuri, Malama. Amma har yau ban iya bakwai sau takwas ba." Aka fashe da dariya. Ni ma wani abu ya kuɓuce mini ta hanci.

Kowa ya faɗi sunansa da abin da yake. Suka yi ta magana bi da bi, ba mai katse wani, ba mai wa'azi. Wani ya ce ya taɓa sayar da ƙofar ɗakinsa, suka kwana wata biyu da buhu a rataye. Aka yi dariya, har shi. Wani ya ce yau ya wuce mashaya uku a ƙafa, a ta huɗu ya tsaya ya ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Wannan ba wanda ya yi dariya. Duk aka gyaɗa kai.

Da aka zo kaina na ce ni saurare na zo. Aka ce madalla, aka wuce.

Aka sha shayi a kofunan roba. Da na duba waje rana ta yi ƙasa. Huɗu ta wuce ban ji wucewarta ba.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Amma Alhamis ɗaya ce a mako. Sauran shidan fa?

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na tambayi Ba Sikazwe haka. Ya ce shi shekara goma sha ɗaya bai sha ba, amma bai taɓa barin giya na mako guda ba, na yau kawai yake bari. "Gobe ba taki ba ce, Bana Lwipa, kada ki ɗauki kayanta." Ya ce in huɗu ta matsa mini in zo rumfarsa in zauna, ko ban ce komai ba.

Na tambaye shi ko mata ba sa zuwa. Ya ce biyu sun taɓa zuwa. Ɗaya mijinta ya hana, wai me za ta yi cikin ƙarti. Ɗayar an binne ta bara. "Mata na sha a bayan ƙofa, su mutu a bayan ƙofa."

Ina son mace ɗaya a ɗakin nan. Ɗaya tak. Akwai abubuwan da ba zan iya faɗa gaban Chisenga ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Na zauna a rumfar takalma daga huɗu zuwa biyar da rabi. Na riƙe masa gwangwanin ƙusa. Kalma goma ba mu yi ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Na yi magana. Ban shirya ba. Na ce sunana Kasuba, kuma ni mashayiya ce. Kalmar ta fito da nauyi kamar dutse. Na ba su labarin matakala ta biyu, da zanin, da yarinyar da ta sauko ta rufe ni. Ban taɓa faɗarsa da baki ba. Na jira wani ya ce Allah ya kyauta, ko ya ce ai ya wuce. Ba wanda ya faɗi haka. Mai ƙofar buhu ya share ido da bayan hannu. Sai duk suka ce, "Mun gode, Kasuba."

An daɗe ba a gode mini ba.

Asabar, 21 ga Oktoba

Bana Chomba ta zo. Ina wanke kasko na ji sallamarta, gabana ya faɗi. Ta ce, "Kwantar da hankalinki, dankali na kawo, ba kwalba ba." Ta zauna a kan turmi kamar da. Ta ce benci ya yi shiru, ba mai gyara musu Turanci. Ta ba ni labarin kowa, na yi dariya har cikina ya ƙulle. Wayyo, na yi kewar matar nan.

Da za ta tafi na raka ta bakin hanya. Ta ce, "An ce kina zuwa wajen tsohon nan mai takalma." Na ce e. Ta gyara ɗaurin kanta. "Ki ci gaba. Ranar da kika dawo daga Ndola, da na san kwananki goma sha takwas da ban zuba miki ba." Can ta ce, "Ƙarya nake. Da na zuba. Sana'ata ce, 'ya'ya biyar nake ci da su. Shi ya sa nake ce miki kada ki zo. Ni zan riƙa zuwa."

Sai bayan ta tafi na tuna: shekara shida ina zama a gidanta, ban taɓa ganin ta kai kofin bakinta ba.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Chisenga bai zo ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Yau ma. Kwandasta ne a bas ɗin Chingola, an ce direbansa ya sallame shi. Duk motsin ƙofa sai na waiga. Me ya dame ni da shi? Yaro mai surutu.

A aji huɗu yakan zo ba takalmi. Na tuna yanzu.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Ruwan farko. Ƙamshin ƙasa. Lwipa takan fita tsakar gida ta buɗe baki sama, in yi ta faɗa. Ko a Kasama an yi? Ko ta fita? Wataƙila ta girma da wannan. Wata uku kawai, amma a shekarunta wata uku ba kaɗan ba ne. Ina tsoron in gan ta in tarar ta fi ni tsawo ban ga lokacin da abin ya faru ba.

Na ɗauki waya. Na ajiye.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Chisenga ya dawo. Ido a kumbure, rigar jikinsa ba tasa ba, yana warin abin. Ya tsaya bakin ƙofa ya kasa ɗaga kai. Faɗa ya taso mini har maƙogwaro, irin na aji, ina ka shiga, ba ka da hankali ne. Sai na ji warin sosai, na ji bakina ya kawo yawu. Allah ya gani, yawu. Faɗan ya koma.

Ni na tashi na sauko masa da kujera. Ya ce, "Malama, na faɗi jarrabawa." Na ce, "Zauna, ni ma maimaita aji nake." Ya yi dariya, dariyar ta juye kuka. Muka bar shi ya gama.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Kwana sittin. Ba Sikazwe ya ce in daina ƙirgawa kamar mai jiran sallama daga kurkuku. Ina ƙirgawa dai.

Na fara kai fanke ranar Alhamis. Shayi ba abin haɗawa ba shayi ba ne. Ba don komai ba.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Yaya ta kira da kanta. Ashe nas ɗin nan 'yar cocin ƙawarta ce, labarin na daina sha ya kai mata. Ta yi ta kewaye-kewaye, ruwan sama, farashin taki, ciwon gwiwarta. Can ta ce, "Makaranta za ta rufe ranar takwas. In kina so in sako ta a bas ta yi Kirsimeti wajenki."

Na zauna a ƙasa. Wata uku ina roƙon wannan maganar.

Na ce, "Ita ta ce tana so?"

Yaya ta ce, "Ba ta ce ba. Amma yarinya ce, in na ce ta tafi za ta tafi."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce, "Bar ta, Yaya. Kada ki sako ta kamar buhun wake. Ranar da ta ce, ina nan."

Yaya ta ce, "Kasuba, ke ce kuwa?"

Da muka gama na shiga ɗaki na kifa kai a katifarta. Na zagi kaina. Wawuya, an miƙo miki kin mayar. Huɗu ta same ni a haka. Na sa takalmi na tafi gidan Ba Sikazwe, matarsa ta ba ni gyaɗa in ɓare.

Talata, 5 ga Disamba

Ba wani abu. Ruwa tun safe, ciniki ba daɗi, gawayi ya jiƙe.

Wajen sha ɗaya waya ta yi ƙara, lambar Yaya. Na ɗauka na ce, "Yaya, ina kwana." Sai na ji, "Ni ce."

Wai Yaya ta tafi gona ta bar wa Lwipa girki, miyar ganyen kabewa da gyaɗa, kuma duk lokacin da ta yi sai ta tsinke. Ta yaya ake yi ta yi kauri irin tawa?

Na ce ta rage ruwa. Ta daka gyaɗar ta yi laushi sosai, ta tankaɗe. Kada ta juya da zarar ta zuba, ta rufe ta bar ta ta turara tukuna. Gishiri daga baya. Muryata ba ta yi rawa ba, ina jin ba ta yi ba. Ina jin ƙarar murfin tukunya ta can.

Ta ce, "To." Sai shiru. Na san shirun. Saurarona take, tana auna kalmomina ɗaya-ɗaya ko akwai wadda ta karkace. Na bar ta ta saurara. Ban ce ina kewarta ba. Ban ce ta yafe mini ba. Ban ce yaushe za ki zo ba, ko da yake maganar na nan a bakin haƙorana.

Ta ce, "In ta sake tsinkewa zan kira."

Na ce, "Ki kira."

Ba wani abu ba ne, maganar miya ce. Ban ma san ko zan faɗa musu ranar Alhamis ba.

Allah ya sa ta tsinke.